Ba Dalma Ce Ta Kashe Ki Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar gabas da ƙauyenmu, kusa da Bagega, a ƙasar Anka.

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata gare ki. Bayan gaisuwar da ɗa ke durƙusawa ya yi wa uwa, tare da fatan Allah ya yalwata makwancinki, ɗanki na fari ne ke rubuto miki daga Fatakwal. Na san ba za ki karanta ba. Ko kina raye ma ba ki yi boko ba, kuma da za a karanta miki, tashi za ki yi ki bar wurin da zarar kin ji daga wanda ta fito. To amma akwai masu leƙowa, 'yan Anka da Bukkuyum da Gummi da ke bin abin da nake rubutawa a waya, kuma da yawansu sun zauna a tabarmar makokinki. A gabansu na yi ƙarya, don haka a gabansu zan warware ta.

Kwana uku ke nan ina fara wasiƙar nan ina gogewa. Gadin wani wurin ajiye katako nake yi a garin nan, aikin da ba ya buƙatar komai sai zama, ni kuwa zaman ne ya gagare ni. In zauna a benci, in tashi in zagaya tulin katako, in dawo in zauna, in sake tashi. Ruwan sama a nan ba ya ɗaukewa balle mutum ya fita ya yi tafiya mai nisa. Abokin aikina har tambayata ya yi ko kuɗin cizo ne suka kama bencin.

Inna, ba dalma ce ta kashe ki ba. Na san haka tun ranar da muka kai ki Sakkwato, shekara biyar ke nan. Kuma yanzu Luba, ɗiyarki, tana can Gummi tana jiran dalma ta fita daga jikinta, kamar yadda kika jira.

Bari in koma inda abin ya faro, don akwai masu karatu da ba 'yan wajenmu ba.

Kin tuna lokacin da Bello ƙanena ya fara shigo da buhunan dutse cikin gida daga ramukan zinari. Kowane gida ana yi. Ban hana shi ba, kuma in za a yi adalci, albarkacin dutsen nan aka yi wa ɗakina rufin kwano. Mata na daka dutsen a turmin da ake dakan gero. Ke ma kin daka, Luba ma ta daka duk lokacin da ta zo ganin gida. Ƙurar na tashi ta sauka kan tukunya da tabarma da yara masu rarrafe. Sai yara suka fara faɗuwa, gida bayan gida, da amai da jijjiga. Nana ɗiyata tana da shekara biyu da rabi. A cinyarki ta cika, da hantsi, ina tsaye a bakin ƙofa.

Ba ki yi kuka a gabana ba. Ba ki ma dube ni ba. Ban ga laifinki ba, don tun tasowata haka muke: ni ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari a wurinki ba wasa ba ce. Ba ki taɓa kiran sunana ba. "Wancan" kike cewa, bayan na fara koyarwa a firamare kuma kika koma "malaminku". In kina son in ci tuwo, Luba kike aikowa. In na shigo gaishe ki, ki karkatar da fuska wajen bango ki amsa a taƙaice. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na ga ana yi, kuma na san kwanon wa tsokar da ta fi girma take faɗawa.

Da likitocin waje suka zo suka gano gubar dalma ce a cikin dutsen, ni suka samu mai jin Turanci a ƙauyen, sai na zama tafintansu. Na haddace alamomin dalma kamar karatun allo: ciwon ciki, ƙin fitar bayan gida, kasala, ƙarancin jini, ciwon kai. Gida gida na bi ina faɗa. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Aka ba ƙananan yara magani, manya kuwa aka ce su nisanci ƙurar, jiki na daɗewa kafin ya rabu da ita. Har suna aka sa mini, Malam Dalma. Na yi aikin nan da zuciya ɗaya, kuma har gobe ba na nadamarsa, an ceci yara. Sai dai tun daga nan idona ya daina ganin wani ciwo a duniya in ba dalma ba.

Shekara na zagayowa na bar gida. Na ce wa mutane neman abinci zan tafi. Gaskiyar ita ce na kasa ci gaba da kallon turmin nan da fuskar Bello. Na kwashi Hadiza matata muka yi kudu. Shi kuma Bello ya koma ramukan wajen Bukkuyum, yana zuwa gida ƙarshen mako.

Bayan shekara biyu aka fara kirana a waya a kanki. Ke dai ba za ki karɓi waya ki yi magana da ni ba, sai dai in ji muryarki daga nesa kina cewa a gaida su Hadiza. Bello ko Luba ke ba ni labari. Inna na fama da ciki. Takan yi kwana huɗu ba ta zaga ba, sai kuma zawo ya ɓarke, ya tsaya, ya dawo. Inna ta rame, zanenta ba ya zama a ƙugu. Inna ba ta iya kai tulu bakin rijiya sai ta huta. Tafin hannunta ya yi fari.

Ko tunani ban tsaya yi ba. Na ce dalma ce. Na ce a riƙa ba ki nono da abinci mai kyau, a hana ki shara, za ta fita a hankali. Kuma Inna, Allah na gani, akwai wani daɗi mai ɗaci da na ji a lokacin da nake faɗa wa Bello haka. Ga wani laifin kuma an ƙara masa.

Abin da ban sani ba shi ne kina ganin jini. Salgarmu rami ce mai duhu, ba mai ganin abin da ya faɗa ciki, a wajen tsarki kika fara lura. Kin faɗa wa Luba, kika kuma sa ta yi alkawari. Sai jiya ta maimaita mini kalmominki: "Kar wancan shi ji wagga magana." Ita Luba ta ɗauka basir ne ya haɗu da dalma, ta yo miki jiƙe-jiƙen sassaƙe daga kasuwar Gummi. Kin sha har kin gaji.

Mutum ɗaya ce ta gane. Madam Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar kudancin Kaduna da ke ƙaramin asibitin kusa da mu, wadda kike aika wa kuɓewa busasshiya duk kaka. Ita ba ta san kewaye-kewaye ba, ta tambaye ki kai tsaye, ke kuma da yake mace ce kuma baƙuwa, kika ba ta amsa. Ta kira Bello gefe ta gaya masa dalma ba ta sa jini a bayan gida, a kai ki babban asibiti a duba hanjinki, kar a ɗauki lokaci.

Bello ya kira ni a ranar. Na sha juya wannan kiran a raina. Yaya za a yi ƙane ya buɗe baki ya yi wa wansa maganar bayan gidan uwarsu? Ya ce dai Madam ta ce a kai Inna Sakkwato. Na ce saboda me? Ya yi ta in'ina, ya ce cikin ne dai. Ni kuma na ɗaga masa murya, na ce ni za a koya wa dalma? Na ce wahalar mota kawai za a ba ki, a bari in zo bayan girbi in gani da idona. Ya ce, "To Yaya, kai ka sani."

Ban zo bayan girbi ba. Sai da bazara ta kama, Luba ta kira tana kuka, sannan na hau mota.

Na same ki a inuwar darbejiyar tsakar gida, kan tabarma, kin zama kamar yarinya don ƙanƙanta, ciki kuwa ya kumbura. Na durƙusa na gaishe ki. Kin yi ƙoƙarin juya fuska wajen bango kamar kullum, wuyan ya kasa. Sai kika rufe ido.

A Sakkwato, bayan kwana huɗu ana gwaje-gwaje, likita ya ce waye babba. Na shiga ni kaɗai. Da Turanci ya yi mini magana. Ya ce ciwon daji ne na babban hanji, kuma ya riga ya kai hanta. Ya ce kin gaya wa ma'aikaciyarsu kin fi shekara kina ganin jini, me ya hana a kawo ki? Na ce wane jini? Ya dube ni, ya ci gaba da bayani. Ya ce ciwon nan yawanci ɗan tsiro ne yake farawa a bangon hanji, ya yi shekaru a zaune ba zafi ba komai, in an gan shi da wuri cire shi ake yi mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Ko bayan ya zama daji, in bai bazu ba, ana yin aiki a yi magani a dace. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai muhimmanci: tunda ya kama uwa, 'ya'yanta duka su je a duba su, kar su jira sai sun ji ciwo. Na gyaɗa kai na yi godiya.

Na fito na tarar da Bello a baranda, riƙe da butarki da takalmanki. Luba na ciki wurinki. Ya matso ya ce, "Yaya, mi likita yac ce?"

Na ce, "Dalma ce. Ta cinye cikin."

Bello ya zauna a ƙasa, a nan inda mutane ke wucewa, bai saki takalman ba.

Na daɗe ina neman wa kaina uzuri. Na ce ruɗewa ce. Na ce ai ko na faɗi gaskiya ba ta da amfani tunda an makara. Duk ba haka ba ne. Abu biyu ne. Na ɗaya, in na ce daji ne, dole a tuna wanda ya ce kar a kai ki asibiti, a tuna Malam Dalma da ya yi wa ƙanensa tsawa a waya. Na biyu, Nana. Ina son a samu wanda zai ɗauki nauyin mutuwarta har abada, kuma na zaɓi Bello. Da na ɗora masa taki mutuwar a kan tata, sai na ji kamar an biya ni wani abu. Ba a biya ni komai ba.

Muka maido ki gida, kika yi mako uku kika tafi. A zaman makoki duk wanda ya tambaya, dalma nake cewa. Mutane na girgiza kai suna tsine wa zinari, suna satar kallon Bello. Shi kuwa yana can ƙarshen tabarma yana karɓar gaisuwa da kai a ƙasa. Ranar uku Madam Rifkatu ta zo, ta tsaya daga bakin zaure ta sa aka kira ni. Ta yi mini gaisuwa, ta tambayi abin da likitoci suka gano. Na maimaita mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Malam, ni da kai mun san ba haka ba ne." A nan ta ba ni labarin abin da ta gaya wa Bello. Ba ta tona ni ba. Na sha cewa da ma ta tona.

Tun daga ranar Bello bai ƙara kwana a gidanmu ba. An ce in ya zo, maƙabarta yake wucewa ya yi miki addu'a ya juya Bukkuyum. Yana nan yana haƙa, don ba shi da wata sana'a, amma an ce ko tsakuwa ba ya bari ta shiga gidansa, a bakin rami yake wanka ya sauya tufafi kafin ya taɓa 'ya'yansa. Ya koyi darasinsa. Ni da na koyar da shi ne ban koyi nawa ba.

Akwai laifin da ya fi wannan muni, Inna, kuma sai na faɗe shi.

Maganar likitan nan ba ta bar ni ba. Ba na jin ciwon komai, amma duk lokacin da na shiga bayi sai na duba. Bara na kasa jurewa, na je asibiti a nan Fatakwal na ba su labarinki. Suka fara da gwajin bayan gida, wanda ke nuna jinin da ido ba ya gani. Sannan suka ce tunda uwa ce, gara a leƙa hanjin gaba ɗaya. Ana ba mutum maganin wanke ciki ya sha a jajibiri, kuma wallahi wannan ne ya fi wuya, Hadiza har cewa ta yi in kai katifata bakin bayi in huta da zirga-zirga. Washegari aka yi mini allura, na kwanta ta gefe, aka shigar da wata siririyar roba mai kyamara ta dubura. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, ni da furfura a gemu. Amma kafin in gama jin kunyar barci ya ɗauke ni, na farka an gama. Sun ga tsiro biyu, kowane bai wuce ƙwayar wake ba, sun cire su a take. Da aka auna aka ce ba su kai ga zama daji ba, amma irin masu zama ne in an bar su. Aka ce in dawo bayan wasu shekaru a sake dubawa.

Na fito na sayi shinkafa a bakin titi na ci, ina jin kamar an sake haihuwata. Ban kai rabin kwano ba na tuna ina da ƙanne biyu, cikinmu ɗaya, kuma ba wanda ya gaya musu su je. Na ceci kaina a ɓoye kamar ɓarawo. Na ce zan kira su in an kwana biyu. Shekara guda ke nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce Malam Shehu, mijin Luba, ya kira mu gaisa. Muka yi maganar damina da yadda gulbi ya cika ya taɓa shinkafar fadama. Har za mu yi sallama sai ya ce af, Luba ma ba ta jin daɗi, ta daina turara shinkafar da take kai wa kasuwa, ƙarfi ya ƙare mata. Ya ce irin ciwon Inna ne, dalmar nan ce ta taso mata, ai ita ma ta daka dutse. Ya ce kar in damu, suna ba ta nono, sun hana ta shara, kamar dai yadda na koya musu.

Maganata ce, Inna, kalma bayan kalma, ta zagayo ta same ni a bakin ƙofar katako. Na ce masa Allah ya sawwaƙe, na kashe waya. Daga nan zama ya gagare ni.

Yanzu ki yi haƙuri, ki toshe kunne in kina so, zan faɗi kalmomin da ba a faɗa a gabanki, saboda masu leƙowa. Kar wani ya ce na wanke dalma. Dalma gaskiya ce, ita ta kashe Nana da yaran da ba zan iya lissafawa ba, kuma duk mai shigar da dutse gida har yau yana wasa da ran 'ya'yansa. Basir ma gaskiya ne, yana kuma sa jini. Amma ba kowane ciwon ciki ne dalma ba, ba kowane jini ne basir ba, kuma ba a gane bambancin daga zaune a zaure, balle ta waya daga Fatakwal. Wanda ya ga jini a kashinsa, ja ne ko baƙi kamar kwalta, ya je a duba. Wanda cikinsa ya sauya hali, yau zawo gobe ƙin fita, mako bayan mako, ko kashin ya koma siriri, ko ya fito daga bayi yana jin kamar bai gama ba, ya je. Wanda ke ramewa ba azumi ba yunwa, yana gajiya, jininsa na ƙarewa ba a san ta ina ba, ya je. Zai yiwu a ce masa ba komai ba ne, ya dawo gida ya yi barci. Wanda kuwa ciwon nan ya taɓa kama uwarsa ko ubansa ko wanda suke ciki ɗaya, ko wanda shekaru suka fara ja, kar ya jira alama ma. Ni ban ji komai ba aka ciro wake biyu daga cikina. Kuma don Allah, in ma'aikacin asibiti ya ba ku saƙo, ku isar da shi da kalmominsa, ko da kalmomin na da nauyin faɗa. Kunyarmu abu ce mai kyau, ni ma da ita aka rene ni, ba na zaginta. Amma a kan wannan abu ɗaya, ta ci mini uwa, da taimakona.

Jiya bayan la'asar na kira Luba. Sau uku ina danna lambar ina katsewa. Da ta ɗauka, muryarta ta yi ƙasa, amma sai da ta tsokane ni, ta ce yau 'yan kudu sun tuna da talakawa, ko kifi ne ya ƙare a teku? Na ce ta tashi daga cikin mutane. Na ji ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Na ce zan tambaye ta abin da wa ba ya tambayar ƙanwarsa, ta yafe mini, amma ta ba ni amsa. Na tambaye ta ko tana ganin jini in ta zaga.

Ta ce e. Ta ce cikin ya fara sauya mata tun kafin babbar sallar bara, jinin kuwa tun azumin nan. Ko Malam Shehu ba ta gaya wa ba. Ta ce ai ke ma haka kika yi, kuma tunda likitan Sakkwato da kansa ya ce dalma ce, kuma manya ba su da magani sai haƙuri, me za ta je yi asibiti ta buɗe jikinta a banza?

A nan na gaya mata komai. Abin da likita ya ce da gaske, abin da na ce wa Bello a baranda, maganar Madam Rifkatu, har da zuwana asibiti bara. Ban rage ko ɗaya ba. Ina magana ina zagaya katako, ruwa na dukana, ban ma lura na fita daga rumfa ba.

Na yi zaton za ta yi kuka ko ta zage ni. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ba ni labarin alkawarin da kika sa ta yi, kamar mai sauke tulu. Sannan ta ce, da muryar nan tata ta kullum, "Yaya, da ka hwaɗa muna tun sannan, ai da tun bara na tahi."

Gaskiyarta ce.

Ta yarda za ta je Sakkwato, amma da sharaɗi biyu. Ni zan yi wa Malam Shehu bayani, don ita bakinta ba zai iya ba. Kuma ba za ta shiga mota ba sai da Bello a ciki, a duba su tare, bayan na tsaya a gabansa na faɗa masa da bakina cewa ba dutsensa ne ya kashe ki ba. Na ce na ji.

Na nemi izini a wurin aiki, jibi Laraba zan taso. Bukkuyum zan fara sauka. Na yi ta kiran Bello, waya ba ta shiga inda suke haƙa. Zai yiwu wasiƙar nan ta riga ni isa wurinsa, wani ya karanta masa a bakin rami. Na so a ce daga bakina ya fara ji. Amma na san halina, in na ajiye ta sai na isa, tsakanin nan da Anka hanya na da tsawo, zan iya samun wani uzurin. Don haka yau zan sake ta, yadda ba ni da wurin komawa. Bello, in ka riga ka ji, ka jira ni. Duk abin da ka ga dama ka faɗa mini, zan tsaya in ji. Sai dai ka faɗe shi a cikin mota, don ba mu da lokacin tsayawa.

Ban san abin da za a gani a cikin Luba ba, Inna. Zai yiwu basir ne kawai, mu dawo tana yi mini dariya har Gummi. Zai yiwu abin ne, amma yana nan wuri ɗaya, a yanke a huta. Akwai na ukun, irin naki, shi ne ke hana ni zama. Ba zan nemi gafararta yanzu ba, don na san za ta yafe, kuma ba na son in ɗora mata aikin lallashina a kan ciwonta. Sai sakamako ya fito.

Ke kuwa Innata, ke ce ba ki da sauran abin jira, don haka ke nake roƙo. Kin ɓoye mini ciwonki don girmama ni, ni kuma na ɓoye sunansa don kare kaina. Ba ɗaya ba ne, na sani. Ki yafe wa ɗanki.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka sa wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubanta, ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da jikarta a inuwar da ba ƙura. Ka sauke wa Bello kayan da na ɗora masa. Ka ba duk mai ɓoye irin wannan ciwo ƙarfin buɗe baki. Luba kuwa, ya Ubangiji, shekara guda na cinye mata da shiruna. Kai ne mai lokaci. Ka sa abin da ya rage ya isa.

Ɗanki na fari,
Lawali,
daga Fatakwal.